Sawun Baba Mati

Gidanmu yana Ƙofar Sauri,
amma tun da ɓarin hagun Baba ya shanye,
kafin ya kai sahu liman ya yi ruku'u.

A da shi ake kira in an kore shanun wani.
Ya durƙusa a labi, ya ƙura wa ƙasa ido, ya ce:
"Su biyu ne. Na bayan yana ɗingisa dama,
kuma da maraƙi a wuyansa."
A bi, a tarar haka ne.

Yau ga shi a ɗaki mai sanyi, da gajeren wando,
dattijon da ban taɓa ganin gwiwarsa ba.
Malama Zuwaira na laluben ƙashi da yatsa,
tana manna masa 'yan ƙwallaye masu ƙyalli
kamar ƙwayar gurjiya,
a ƙugu, a gwiwa, a idon sawu.
Kyamarori takwas a bango, ba mai ƙiftawa.

"Bismilla, Baba, taka kamar kana gida."

Ya taka. Sai ga mutumin tsinke a allo,
ba gemu, ba hula,
yana jan hagu yadda Baba ke ja.
Baba ya ce, "Wannan ramammen ni ne?"
Muka yi dariya. Takarda ta fito da lamba.

Ran Alhamis Zuwaira ba ta nan,
Ɗayyabu ne ya manna.
Takarda ta ce gwiwa ta ƙara lanƙwasa, digiri bakwai.
Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.
Ya jera takardun biyu, ya daɗe bai ɗago ba,
sannan ya ce, "Kada ku yanka kaza tukuna.
Ƙila gwiwar ce. Ƙila hannuna ne
ya sauka ƙasa da nata da faɗin yatsa.
Fata kan zame a kan ƙashi,
ƙwallon kuwa fata ya sani, bai san ƙashi ba."

Na gode masa, na kuma ji haushinsa har bakin titi.

Akwai abin da ban faɗa masa ba:
Baba in ana kallonsa, tafiyar gaban surukai yake yi.
Ya cije, ya ɗaga ƙafar, ya miƙe wuya.
Na'ura ta auna wannan, ba ta yi ƙarya ba.
Amma tafiyar asuba, da buta a hannu,
ba kyamarar da ta kwana a gidanmu ta gani.
Inna ce ke aunawa daga ɗaki, da kunne.
Ta ji silifa na sharar ƙasa, ta ce,
"Yau ƙafar ta kwana da nauyi."
Ita ma ba kullum take dacewa ba.
Ranar da ta ce ya samu sauƙi
ranar ya faɗi a bakin rijiya.

An dai tsayar: hannu ɗaya zai riƙa mannawa,
a taka sau biyar, kafin a buɗe baki.

Jiya da la'asar ya sa na share tsakar gida,
na yayyafa rairayi daga turke zuwa ƙofar zaure.
Ya taka, ya juyo, ya dogara sanda,
ya dubi ƙasa kamar ta baƙo.
"Mutum ɗaya ne, tsoho.
Hagu na jan layi,
amma layin ya gaza na makon jiya da yatsa."

Na ce, "Yatsan wa, Baba?"

Ya harare ni, sannan ya murmusa da ɓarin da ya rage.
"Sake sharewa, Shafa.
Ko a labi ban taɓa rantsuwa kan sawu ɗaya ba."

Na ɗauki tsintsiya. Kaji suka riga ni shiga.